Daga Kuge Zuwa Wayar Salula: Tarihin Sigina a Ƙasar Karaye da Rogo

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ke karatun injiniyan lantarki akwai wani darasi da ba ya kauce masa, watau darasin rabe-raben sigina. A nan ne ake koya masa cewa duk abin da ke canzawa da tafiyar lokaci, kuma yana ɗauke da saƙo, sunansa sigina, ko ƙarfin lantarki ne a cikin waya, ko igiyar rediyo ce a sararin sama, ko kuwa girgizar iskar da ke fitowa daga bakin mai magana. Sa'an nan sai a shiga kasa su gida-gida. 'Yan'uwanmu na waccan tsangaya sun ɗauka wannan ilmi nasu ne su kaɗai, har wasunsu kan ce mana ba zai faɗu da Hausa ba. Ni kuwa ina ganin ɗalibin Hausa yana da babban rabo a ciki, domin kowane irin sigina da ya shigo ƙasarmu sai da ya yi wa harshenmu hukunci: ko dai ya ɗauki maganar Bahaushe da karin sautinta, ko kuwa ya yar da karin a hanya ya isar da ƙashin maganar kawai. Abin da nake so in bi tarihinsa ke nan a wannan 'yar maƙala, kuma na zaɓi ƙasarmu ta Karaye da Rogo don ta zama wurin misali.

Karaye da Rogo ƙananan hukumomi ne biyu a yammacin Jihar Kano. A ƙasar Karaye aka gina madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Rogo kuwa ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sa Karaye cikin sababbin masarautun da ta ƙirƙiro, a watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka, sa'an nan a watan Yuli na shekarar aka mayar da Karaye masarauta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Kayan kiɗa da na bushe-bushen da zan ambata ba na wannan yanki kaɗai ba ne, na ƙasar Hausa ne baki ɗaya, amma garin bakin iyaka ya fi kowa sanin amfaninsu.

Garin bakin daga

Wanda ya karanta Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, zai tarar da sunan Karaye a inda ake labarin yaƙe-yaƙen Kano da Katsina. A zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi sarauta daga 1618 zuwa 1623, Katsinawa sun kawo yaƙi aka gwabza a Karaye, Kanawa suka yi rinjaye. A nan ne kuma Wambai Giwa ya je ya zauna yana yaƙar Katsinawa. A ƙarni na 19 sai ga mahayan Maraɗi suna kawo hari yammacin ƙasar Kano. To, mutanen da ke zaune a irin wannan wuri, gonakinsu na bayan ganuwa, dabbobinsu na daji, babbar bukatarsu ita ce labarin mahara ya riga mahara isowa. Doki yana da gudu, amma sauti ya fi shi nesa ba kusa ba: yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, watau kilomita guda cikin daƙiƙa uku.

Nan ne kuge ya shigo. Kuge ƙarfe ne mai baki biyu, kamar ƙararrawa biyu a haɗe waɗanda ba su da harshe a ciki, ana dukansa da ƙaho. Aikinsa na asali kiran yaƙi da shelar sarki. Murya biyu gare shi, ɗaya ta ɗara ɗaya kauri, ba shi da ta uku, ba shi kuma da abin da ke tsakanin biyun. Ko an doka ko ba a doka ba, ko wannan baki ko wancan. Tambari ma kusan haka yake, domin fatarsa a ɗaure take tamau, makaɗi ba ya iya lanƙwasa muryarsa a tsakiyar kiɗa, sai dai ya sarrafa yawan bugu da tazarar da ke tsakaninsu. Haka bindigar da ake harbawa idan an ga wata. Ba ta faɗin kome sai amsar tambaya guda: watan ya tsaya ko bai tsaya ba.

Irin wannan shi ne masana lantarki ke kira sigina na dijital. Ni na fi son in kira shi sigina mai ƙirge, saboda saƙonsa yana cikin 'yan alamomi ƙidayayyu waɗanda mai aikawa da mai karɓa suka riga suka yi yarjejeniya a kansu. Kishiyarsa shi ne na analog, wanda zan kira sigina mai gudana, watau wanda ke hawa da sauka sannu a hankali, ya bi ta kowane matsayi da ke tsakanin ƙasa da sama ba tare da tsallake ba. Mai son ganin bambancin da idonsa ya tafi bakin madatsar Challawa da damina. Ruwa yana hawa ne ba tare da ya tsaya ba ko da ƙiftawar ido, wannan gudana ke nan. Ma'aikacin da ya zo da safe ya dubi ma'auni ya rubuta lamba a littafi, gobe ma ya dawo ya rubuta wata, shi ya yi wa lokaci gutsure-gutsure. Da ya ga ruwan ya ɗan wuce wani zane bai kai na gaba ba, ya rubuta zanen da ya fi kusa, to ya yi wa tsawon ruwan ma gutsure. Sai an haɗa waɗannan yanka biyu, na lokaci da na girma, sa'an nan sigina ya zama cikakken mai ƙirge.

Na san wani ɗan tsangayar injiniya zai ɗaga hannu a nan ya ce ai ƙarar kuge ma girgizar iska ce, kuma duk girgizar iska mai gudana ce. Gaskiyarsa. Amma haka ma lantarkin da ke yawo a cikin kwamfutarsa yake, hawa yake yi yana sauka. Abin da ya mai da shi mai ƙirge shi ne yadda mai karɓa ke karanta shi: ba ya tambayar nawa ne ƙarfinsa daidai-wa-daida, sai dai ya tambaya akwai ko babu. Manomin da ke bakin fadama ba ya auna zaƙin muryar kuge. Da ya ji, sai ya saɓi fartanya ya nufi ƙofar gari.

Amfanin sigina mai ƙirge a lokacin tsoro a fili yake. Idan ƙauye ya jiyo kiɗan gangami daga nesa, ko da ya iso a raunane iska ta cinye rabinsa, makaɗin ƙauyen zai ɗauki gangarsa ya sake buga shi sabo ful, na gaba ma ya yi haka, saƙon ya isa inda za shi bai ragu ba. Kwatanta wannan da saƙon baka, wanda kowane mai ɗauka sai ya ƙara masa gishiri, mahara goma su zama ɗari kafin labari ya kai fada. Wannan dalili ne dai ya sa injiniyoyin ƙarni na 20 suka karkata ga dijital, domin ana iya sabunta shi a kowane zango ba tare da tara dattin hanya ba.

Kalangu mai magana

Sai dai kuge ba ya iya kiran sunan mutum, kuma a nan ne harshen Hausa ya nuna halinsa. Mu ɗaliban Hausa tun a shekarar farko aka koya mana cewa kowace gaɓa tana ɗauke da karin sauti, ko na sama, ko na ƙasa, ko faɗau. Kalmar wuya idan ta fara da sama ta sauka ƙasa, gaɓar jiki ce da ke riƙe da kai. Idan ta fara da ƙasa ta hau sama, wahala ce. Kuka mai karin sama biyu hawaye ne, kuka mai sama da ƙasa kuwa itaciya ce da ake miya da ganyenta. Ga kuma tsawon wasali, wanda ya raba gari na mutane da gari na tuwo. Kari da tsawo su ne suka ba maganar Bahaushe wani irin zane na hawa da sauka, wanda kunne ke ganewa ko da baƙaƙen ba su fito ba.

Kalangu an yi shi ne don ya bi wannan zane. Makaɗi yana rataye shi a kafaɗa ya matse shi a hammata. Idan ya matsa igiyoyin da suka haɗa fatun biyu, fata ta ɗaure murya ta hau. Idan ya saki, ta sauka. Yana kuma iya matsawa bayan ya riga ya buga, sautin ya lanƙwashe a iska, ya fitar da faɗau sak kamar na bakin mutum. Ga sigina mai gudana ke nan tun kafin a san lantarki. Jauje da kotso na fada su ma suna da wannan baiwa ta canza murya, haka algaita a cikin kayan busa. Kakaki, wanda Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa ne ya fara shi a Kano, tsakanin 1463 da 1499, shi muryoyinsa kaɗan ne, sai ya tsaya tsakanin gidajen biyu: yana bin karin kirarin sarki, amma da tsalle yake bin sa.

Da wannan hanya ne aka sami take. Take gajeren kiɗa ne da ke tsaye a madadin wasu kalmomi na wani mutum ko wata sana'a. Mahauci yana cikin rumfarsa zai ji kalangu ya ambace shi, maƙeri yana da dundufa, manomi yana da gangar noma, mafarauci da ɗan tauri suna da nasu. Ranar kasuwa idan aka ji kalangun mahauta, an san an yi yanka. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen waɗannan kaya da wuraren da ake amfani da su a littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa na 1971, kuma abin da ya burge ni shi ne Bahaushe ya fi kasa kayan kiɗansa bisa ga wanda ake yi wa da kuma saƙon da suke kaiwa, alhali tsarin Turawa na Hornbostel da Sachs, na 1914, ya kasa su ne bisa ga abin da ke girgiza, ko fata ko tsirkiya ko iska ko jikin abin.

Kalangu yana da tasa matsalar. Ya ɗauki kari da tsawo, amma ya bar baƙaƙe da wasula a gida, kalmomi masu zane iri ɗaya kuwa suna da yawa. Maganin da makaɗa suka samo shi ne tsawaitawa. Ba a kiran mutum da gaɓa biyu, sai a jero kirarinsa, a haɗa da na ubansa, a maimaita, har zanen ya zama ba shi da na biyu. John Carrington ya bayyana irin wannan dabara a wurin masu gangar Kele na ƙasar Kwango a littafinsa na 1949. Shekara guda kafin nan, a 1948, Claude Shannon na Amurka ya fitar da lissafin da ya nuna cewa idan hanya tana ɓata saƙo, ƙarin da ake ganin kamar ɓarna ne shi ke tsare ma'ana. Sanƙira da ke maimaita shela sau uku a bakin kasuwa bai karanta Shannon ba, amma hayaniyar kasuwa ta koya masa.

Akwai wani rabon kuma da littattafan lantarki ke yi, tsakanin sigina mai zagayowa da wanda ba ya zagayowa, da kuma tsakanin sananne da na ba-zata. Wutar lantarkin Nijeriya tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, shi ke haddasa gurnanin da ake ji a jikin taransifoma. Wannan mai zagayowa ne, kuma sananne, domin wanda ya ji daƙiƙa ɗaya ya san abin da zai biyo har gobe. Gangar noma a wurin gayya haka take, aikinta ta daidaita saukar garma, ba ta kawo labari ba. Harbin bindiga kuwa sau ɗaya yake zuwa ya mutu. Shannon ya nuna cewa nauyin labari yana cikin rashin tsammaninsa. A fadojin da ake kaɗa tambura a daren Juma'a, mai jin su ba ya tashi daga tabarmarsa, don ya san da zuwansu, iyakar abin da suka gaya masa sarki yana nan lafiya. Amma a ji tambari ranar Talata da hantsi, duk garin sai ya fito.

Waya ta iso

A 1844 Samuel Morse ya aika da saƙon tangaraho daga Washinton zuwa Baltimo a Amurka. Tsarinsa ɗigo ne da ja, gajeren bugu da dogo, kowane harafi da nasa jerin. Wayar ƙarƙashin teku ta haɗa Ikko da Ingila a 1886. Sojojin Ingila da suka taso daga Zariya sun bi ta Bebeji suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ba a daɗe ba turakun waya suka biyo sawunsu, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Layin dogon ya bi ta gabas da Karaye da Rogo ne, bai shiga cikinsu ba. Saboda haka saƙon da ya zo Kano daga Zungeru ko Kaduna cikin ɗan lokaci, sai ya koma takarda, ɗan aike ya hau doki ya kai wa hakimi, hakimi ya tura wa dagatai, daga nan mai shela ya ɗauki gangarsa. Sabuwar hanya ba ta kashe tsohuwa ba, ɗorawa ta yi a kanta.

Tangaraho ɗan gidan su kuge ne, mai ƙirge ne tsantsa, kuma ina jin ba banza ba Bahaushe ya ce buga waya, domin abin da ya ga ma'aikacin gidan waya yana yi ke nan, yana dukan ɗan ƙarfe kamar makaɗi. Har yau da muke shafa gilashi da yatsa ba mu daina bugawa ba. Amma wannan baƙo bai san Hausa ba. Harufan Morse na Turanci ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle kari ko tsawon wasali. A cikin waya, daidai da ɗaiɗai abu guda ne, kafa da ƙafa ma haka. Ga shi ana biyan kuɗi bisa yawan kalmomi, watau an hana tsawaitawar nan da makaɗa ke warware ruɗani da ita. Kalangu ya riƙe kari ya yar da baƙaƙe, tangaraho ya riƙe baƙaƙe, su ma ba duka ba, ya yar da kari. Ga tsada, ga shi yawanci da Turanci ake aikawa, sai ya zama kayan Gwamna da 'yan kasuwar gyaɗa, talaka kuwa ba ya ganin takardar waya sai in an yi mutuwa.

Kada mu ɗora wa Morse laifin duka. Rubutu kansa yanka ne ake yi wa magana. Ajami yana nuna tsawon wasali amma ba ya nuna kari. Boko, wanda Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fara koyarwa a makarantarsa ta Nasarawa a Kano a 1909, bai nuna ko ɗaya daga cikin biyun ba. Baƙaƙe masu lanƙwasa sun zauna ne a shekarun 1930 ta hannun Rupert East da hukumarsa ta Zariya, wadda ta fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya nuna karin kowace kalma, amma rubutun yau da kullum bai ɗauka ba. Mai karanta wannan maƙala shi ke mayar da karin da kansa, daga abin da ya sha a nono.

Rediyo ne ya dawo wa Bahaushe da muryarsa. Akwatin rediyo mai waya ya iso Kano a 1944, amma wannan na birni ne. Sashen Hausa na BBC ya fara a ranar 13 ga Maris 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979. Da ƙaramar rediyo mai batir ta yi araha, sai manomin Rogo ya rataya ta a reshen ɗorawa yana noma yana jin duniya. Rediyon wancan lokaci mai gudana ne: ana ɗora muryar mai magana a kan igiya mai saurin girgiza, girman igiyar yana hawa da sauka yadda muryar ke yi. Kari, tsawo, zolaya, fushi, duk suna isowa. Ba a bukatar boko, ba a bukatar ajami. A ganina babu wata na'ura da ta yi wa Hausa hidimar da rediyo ya yi mata.

Raunin mai gudana shi ne hayaniya, wadda ita ce uwar sigina na ba-zata. Duk abin da ya faɗa cikin igiyar ya zama ɗan gida, ba a iya tsince shi. Wanda ya saurari gajeren zango da damina ya san ƙarar da walƙiya ke sawa tun hadari yana nesa. Edwin Armstrong ya rage wannan da tsarin FM a 1933, inda ake ɗora murya a kan saurin girgizar igiya maimakon girmanta, sai dai FM ba ya cin nisa, kuma a 2003 aka buɗe wata tasha mai zaman kanta irin wannan a Kano, watau Freedom Radio. Kaset ma haka. Waƙar Mamman Shata da aka kwafa daga kaset zuwa kaset, kafin ta kai kwafi na biyar kalangun ya dushe, sai shuuu kamar ana ruwa.

Zamanin salula

Wayar tarho ta turaku ba ta taɓa zama kayan ƙauye ba. Abin da ya shiga kowane lungu na Karaye da Rogo shi ne wayar salula, wadda aka fara a Nijeriya a watan Agusta na 2001, ta bazu zuwa karkara a shekarun da suka biyo baya. A cikinta ne gidajen nan biyu suka yi aure. Murya tana shiga tana gudana, sai na'ura ta yi mata abin da ma'aikacin madatsa ya yi wa ruwa, amma ita sau 8,000 take duba ma'auni a daƙiƙa guda. Dalilin wannan adadi yana cikin ƙa'idar da ake jingina wa Harry Nyquist, daga aikinsa na 1928, da Shannon: idan ana so a maido da sigina mai gudana daga gutsattsarinsa, dole yawan ɗiba ya wuce ninki biyu na girgiza mafi sauri da ke cikinsa. Wayar tarho kuwa tun asali tana ɗaukar girgiza daga 300 zuwa 3,400 ne a daƙiƙa. Alec Reeves na Ingila ne ya ƙago wannan hanya ta mayar da murya lambobi a ƙarshen shekarun 1930, tun babu na'urorin da za su iya aikin da araha.

A nan akwai abin mamaki ga ɗalibin Hausa. Karin sauti yana rataye ne a kan saurin kaɗawar tantanin maƙwallato, wanda a wurin namiji baligi bai cika wuce 180 a daƙiƙa ba. Wannan kuwa yana ƙasa da 300, watau waya ta yanke shi ta zubar. To, yaya aka yi muke bambanta wuya da wuya a waya? Amsar tana wurin Joseph Fourier na Faransa, wanda ya nuna a 1822 cewa duk girgiza mai zagayowa taron girgiza ce masu sauƙi, uwa da 'ya'yanta, kowane ɗa ninkin uwar ne. Idan uwar 120 ce, 'ya'yan su ne 240, 360, 480, har sama. Waya ta jefar da uwar da ɗan fari, amma sauran sun wuce, tazarar da ke tsakaninsu kuwa 120 ce. Kunne yana jin tazarar ya ƙago uwar da kansa. Da ba don wannan ba, da Bahaushe da Bayarabe da Basine sun sha wahalar tarho fiye da Bature.

Rubutaccen saƙon waya kuwa jikan tangaraho ne, ya kuma gaji halin kakansa. Jerin harufan da aka tsara wa saƙon tes yana da baƙaƙen Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci, har da wasu na Girkanci, amma babu namu masu lanƙwasa. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160. Da ka sa ƙ guda ɗaya, sai wayar ta koma wani tsari da ke ɗaukar 70 kacal, kuɗinka ya ninka. Haka aka yi tarbiyyar samari masu yawa a kan rubuta kasa su bar mai karatu ya zaɓa tsakanin ƙasa da kasa. Talaka kuma ya ƙago nasa kugen, watau filashin: ka kira ka katse kafin a ɗauka. Ba a faɗi kome ba, ba a biya ko kwabo ba, amma an riga an shirya ma'anarsa, ko na iso, ko kira ni, ko fito ga ni a ƙofar gida. Da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, sai iyayenmu mata da ba su yi boko ba suka karɓe shi hannu biyu, suna sallama da gaisuwa da jajen gajiya yadda aka saba a zaure.

Mai ƙirge yana da nasa aibin, kuma ya sha bamban da na mai gudana. Rediyo idan ya yi nisa dushewa yake yi a hankali, kana iya kasa kunne ka tsinci labari a cikin hayaniya. Salula kuwa ko ta kawo magana garau, ko ta datse ta tsakiyar kalma, shi ya sa ake hawa tudu neman sabis. Kuma duk tana rataye ne a kan ƙarfen sabis, wanda ke da makunni a hannun wani. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Waɗannan garuruwa maƙwabtanmu ne ta yamma, kasuwanninmu ɗaya. Mutanen da aka rufe wa layi sun koma ba direbobi saƙo, wasu suna tafiya mai nisa don su sami inda za su buga waya. Garuruwan bakin iyaka sun sake samun kansu cikin bukatar Karaye ta zamanin Wambai Giwa, a lokacin da mafi yawan matasa ba su san kiɗan gangami ba ko da an buga shi.

Wannan ya kawo ni ga aikin da nake ganin ya rataya a wuyan ƙungiyarmu. Wayar da ke aljihun kowane ɗayanmu tana iya ɗaukar sauti sau 44,100 a daƙiƙa, adadin faifan CD da ya fito a 1982, kuma kwafi na dubu ba zai bambanta da na farko ba. Saboda haka adana muryar kalangu ba shi da wuya yanzu. Amma na'ura sigina kawai take adanawa, yarjejeniyar da ta ba shi ma'ana tana cikin kan makaɗi da tsofaffin da suka tashi suna jin sa. Take da aka ɗauka ba a rubuta kalmominsa ba, nan da shekara talatin kiɗan rawa ne kawai. Ina ba da shawara a hutun da ke tafe mu kasu, wasu su nufi fadar Karaye, wasu kasuwannin ƙasar Rogo, mu nemi izinin sarakunan kiɗa da sarakunan pawa. Kowane take a ɗauke shi sau biyu, da farko kiɗa zalla, sa'an nan makaɗin ya faɗe shi da baki. A rubuta kalmomin da karin kowace gaɓa da tsawon wasalinta, a rubuta mai taken, da abin kiɗan, da lokacin da ake buga shi. 'Yan tsangayar injiniya kuma su zo da kwamfutocinsu su zana mana hawa da saukar muryoyin biyu, ta fata da ta baki, a jera su a shafi ɗaya.